Lambar Tungar Kaiwa

A Bukkuyum idan ka ce Namadi sai an tambaye ka wanne, don Namadi ba ɗaya ba ne a garin. Idan ka ce Namadi mai kurkunu kuwa, har mai goro na bakin tasha zai nuna maka gidansa. Kurkunun bai taɓa fito masa ba ko sau ɗaya. Aikinsa ne ya ja masa sunan. Shekara da shekaru yana bin ƙauyuka a kan babur, yana raba ƙyallen tace ruwa, yana duba ƙafafun da tsutsar ta huda, yana rubuta sunayen masu su a wani littafi mai baƙin bango.

A Tungar Kaiwa aka haife shi, can hayin gulbi. A lokacin tungar tana gindin wani dutse ne. Yana ɗan shekara goma sha huɗu, yana firamare a Bukkuyum wajen kawunsa, aka yi farin nan da ya ƙafar da rijiyoyi. Mutanen tungar suka kwashe jinkar ɗakunansu da rumbunansu, suka gangara kudu kilomita takwas, suka zauna kusa da wani tafki da ba ya ƙafewa. Sunan garin ma suka tafi da abinsu. Tafkin ya rufa musu asiri, amma shi ya kawo musu kurkunu, har ta kai duk damina sai ka ga gona ta yi ciyawa mai ita yana kwance a zaure da ƙafa a kumbure. Iyayen Namadi sun rasu tun da daɗewa. Wadda ta rage masa a tungar ita ce yayarsa Marka, wadda ta goye shi yana jinjiri, ba ta kuma fasa tuna masa da hakan ba.

Gaskiya Namadi mutum ne mai wuyar zama. Idan ka tambaye shi ƙarfe nawa, ba zai ce biyu ba, sai ya ce biyu saura minti huɗu. Idan mai gari ya ce masa masu kurkunu sun kai ashirin, sai ya ce a tashi a je ya gan su ɗaya bayan ɗaya, akan rasa uku ko a ƙara biyar. Abokan aikinsa da ke cika fom a gindin bishiya ba sa son a haɗa su tafiya da shi. A ofis kuwa an san idan takarda ta zo da sa hannun Namadi ba sai an sake dubawa ba, shi ma ya san an san haka, kuma abin yana yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata.

A watan Afrilun 2002 ofishin shirin yaƙi da kurkunu ya ba shi wata na'ura da ake ce wa GPS. Rawaya ce, ba ta wuce sabulun wanki girma ba. Sai mutum ya tsaya a fili ya ɗaga ta, ya jira ta kama taurarin ɗan'adam, sa'annan ta fito da layi biyu na lambobi, waɗanda su ne adireshin wurin da yake tsaye a duk duniya. Aka ce ya ɗauko lambar kowane ƙauye da ke littafinsa, a ƙofar gidan mai gari. Ƙauyuka sittin da uku ne. Ya bi su yadda suke a jere, Tungar Kaiwa kuwa ita ce ta ƙarshe, don shi da kansa ya sa ta can ƙasa tun farko kada a ce yana fifita garinsu.

Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai game da na'urar: babu taswira a cikinta. Ka kunna ta, ba ka ganin komai sai 'yar kibiya a tsakiyar fili fetal, ba hanya, ba gulbi, ba gari. Duk wata idan ya kai rahoto Gusau yakan biya ta wajen taubashinsa Lirwanu, tsohon malamin makaranta da ya buɗe kafen intanet mai kwamfuta shida a bayan kasuwa. Ran nan ya kai masa ƙarar na'urar.

Lirwanu ya jujjuya ta ya ce, "Kai da ka san kowace tururuwa ta ƙasar Bukkuyum da sunan ubanta, mi za ka yi da taswira?"

"Ni na sani, ita ba ta sani ba. In na mutu gobe fa?"

"Sai mu huta da ƙarfe biyu saura minti huɗu."

Duk da haka ya ja masa kujera. Wata uku suna neman taswira a intanet, duk zuwan da Namadi ya yi. Shafi ɗaya kan ɗauki lokacin da za ka sha fura ka wanke ludayi kafin ya buɗe, da ya buɗe kuma sai wuta ta ɗauke. Taswirorin da suka fara samu na sayarwa ne, kuma ko a hoton tallarsu duk ƙasar Zamfara layi biyu ce da ɗigo ɗaya. A zuwa na uku Lirwanu ya ci karo da wani jeri da wata hukumar ƙasar waje ta zuba kyauta: sunayen garuruwa da ƙauyuka da duwatsu da koramu na Nijeriya kaf, kowanne da lambarsa a gefe. Suka tsamo na yankinsu, Lirwanu ya buga masa shafi ashirin da uku.

Namadi bai yarda da abin kyauta haka kawai ba. Ya ɗauki ƙauyuka goma sha ɗaya da ya riga ya auna da ƙafarsa, ya gwada da na jerin. Anka ta faɗo daidai, Zugu ma haka, Gummi ta ɗan kauce amma ba ta fita gari ba. Mafi nisa a cikinsu bai kai kilomita ɗaya ba. Daga nan ya sakankance. Ba shi da wayar da ake haɗa na'urar da kwamfuta, don haka da ɗan yatsa ya riƙa shigar da sunayen, harafi bayan harafi, kullum bayan la'asar a ƙofar gida, har allon ya cika da ɗige-ɗige. Matarsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya yi wa wani abu murmushi irin wanda yake yi wa sabulun nan ba. Abin da bai tambaya ba, Lirwanu ma bai tambaya ba, shi ne yaushe aka rubuta jerin. Daga tsofaffin taswirorin Turawa aka kwafo shi.

A tsakiyar Agusta takarda ta zo daga Gusau. An samu rijiyoyin burtsatse goma sha biyu, za a ba ƙauyukan da kurkunu ya fi addaba. Kowane ƙauye sai da fom, kowane fom sai da lamba, kuma ranar Litinin za a rufe karɓa. Tungar Kaiwa ce kan gaba a ƙasar, mutum arba'in da ɗaya a daminar. Ita kaɗai ce kuma Namadi bai auna ba.

Ranar Alhamis ya hau babur ya nufi gulbi, ya tarar ya kawo, jajawur, yana tafe da itatuwa. Mai kwalekwale ya janye abinsa ya ɗaure a tudu. Ya koma Juma'a, ya koma Asabar, ruwa sai ƙaruwa. A ranar Asabar ɗin wani mai fito da gora ya ce masa in zai kwanta a kan gorar ya rungume ta, zai tura shi har hayi, jiya ma ya ƙetarar da mutum biyu. Namadi ya ce na'urar hukuma ce a hannunsa, ba a so ta jiƙa. Wannan gaskiya ne, amma akwai leda a jakarsa. Maganar ita ce bai iya ruwa ba, kuma ya ji tsoro.

Ya zauna a bakin gulbin ya buɗe shafukan Lirwanu. Ga Tungar Kaiwa a shafi na goma sha tara, da lambarta tsaf. Ya kira ta a na'urar, kibiya ta nuna hayi, kilomita goma sha uku. Ya gyaɗa kai. Shi hanyar babur ya sani, mai kewaye fadama da gonaki, bai taɓa auna tafiyar tsuntsu ba. Ya kwafi lambar a fom. A ƙasan fom ɗin akwai layin da ya ce mai sa hannu ya tsaya a wurin da kansa ya ɗauki wannan lamba. Ya daɗe yana kallon layin. Ya tuna ƙafar mutum arba'in da ɗaya, ya sa hannu, da niyyar in ruwa ya janye zai je ya tabbatar.

Ruwa ya janye a Oktoba, amma kafin nan ofis ya karɓe na'urar ya ba ma'aikacin wata ƙaramar hukuma, sai bayan wata biyar ta dawo hannunsa. Ya je tungar sau uku a tsakanin, ya ci tuwon Marka, ya yi wa mai gari albishir cewa burtsatse na nan tafe. Mata suka yi guɗa. Marka ta ce dama ta san goyon da ta yi bai tafi a banza ba.

A watan Maris na 2003 yana can ƙasar Gummi ana zuba magani a tafkuna, motar haƙa ta iso. Ɗan kwangilar baƙo ne, bai san ƙasar ba, na'urarsa kawai yake bi. Kibiya ta kai shi gindin wani dutse, inda ya tarar da bukkoki da shanu da mata suna daka. Fulani ne da ke sauka a kufan tsohuwar tungar duk rani, suna yi wa tsofaffin gonaki taki. Ya tambayi dattijonsu, wani Modibbo, sunan wurin. Modibbo ya ce Tungar Kaiwa, don shi da ubansa haka suka san shi. Suna ya yi daidai, lamba ta yi daidai, ga mutane. Aka kafa inji.

Ƙarar injin ce ta kai labari sabuwar tunga. Mai gari ya zo da jama'arsa a rana ta biyu, ya ce an yi kuskure, gari yana can kudu. Ɗan kwangilar ya ce shi bai ƙi ba, amma masu zuwa duba aiki da na'ura za su zo, in suka tsaya a wannan lamba ba su ga rijiya ba, ba za a karɓi aikinsa ba. Ya fito da fom ɗin ya nuna musu sa hannun Namadi. Akwai masu boko biyu a cikinsu, suka karanta wa saura.

Namadi ya iso kwana shida bayan haka, an riga an zuba siminti an ɗora famfon tuƙa-tuƙa. Ruwa ne garau, mai yawa. Ya tsaya ya dubi dutsen, ya dubi kukar da ke gabas, ya gane rijiyar ba ta fi taku ashirin ba daga inda rumbun babansu yake a da. Ya kunna na'urar duk da ya san abin da za ta ce. Ta ce ya iso.

Modibbo ya zo ya tsaya kusa da shi da sanda a kafaɗa, ya ce, "Malam, kai na anka ce ka rubuto muna ruwa? Allah shi saka da alheri."

"Ba ku niy rubuto ma ba, Modibbo."

"Mun ji hakanan. To, ba mu hana kowa ba. Su zaka su ɗiba, ai ƙasarsu ta."

Daga nan ya wuce sabuwar tunga, kai tsaye zauren mai gari. Bai laɓe bayan na'ura ba, bai ambaci Lirwanu ba. Ya ce bai ƙetare gulbi ba, a takarda ya kwafi lambar, kuma ya sa hannu cewa ya zo. Mai gari ya tambaye shi ko an ba shi wani abu ne, don maganar da ke yawo ke nan, wai Fulani sun ba shi bijimi. Ya ce ba a ba shi komai ba. Mai gari ya ce da ma an ba shi, da ya fi gane abin. Aka shafa fatiha aka tashi, ba wanda ya raka shi bakin babur.

Marka ba ta ce masa uffan a kan rijiya ba. Ta kawo masa tuwo kamar kullum, ta kawo ruwan tafki da ta tace da ƙyallen da ya ba ta, ta zauna tana ba shi labarin akuyarta da ta haifi uku. Ya fi son ta zage shi.

Washegari ya tafi Gusau da takarda shafi biyu da ya rubuta da hannunsa, ya faɗi abin da ya yi, ya sa lambar gaskiya wadda ya ɗauka a ƙofar gidan mai gari, ya roƙi a gyara. Ya je a shirye a kore shi. Shugaban nasa ya karanta, ya ce ai ba wani abu ba ne, rijiya tana ba da ruwa, mutane suna sha, masu duba aiki sun gamsu. Ya sa takardar a fayil. Sa'annan ya juyo da allon kwamfuta ya nuna masa: a gaban sunan Tungar Kaiwa an riga an rubuta tana da ruwa mai tsabta. Duk rijiyar da za a sake samu, ƙauyukan da ba su da ita za a ba. Namadi ya ce to a goge. Shugaban ya ce jerin ya riga ya wuce sama, shi ba shi da hannun gogewa. Ko takardar gargaɗi ba a ba shi ba, wannan kuwa ya ƙona masa rai fiye da kora.

Ya biya ta kafe ya gaya wa Lirwanu. Lirwanu ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, ya dubi fuskarsa ya fasa. Suka koma shafin da suka samo jerin, suka nemi inda ake aika gyara, suka aika da saƙo cikin Turancin Lirwanu cewa garin ya tashi tun shekara talatin da suka wuce. Amsa ba ta zo ba. Namadi ya ci gaba da amfani da shafukan nan ashirin da uku, don sun yi masa rana a wurare da yawa, sai dai duk ƙauyen da ya taka da ƙafarsa yakan soke lambar jerin da jan biro ya rubuta tasa. Ya gano wasu ƙauyuka huɗu da su ma kufansu aka rubuta. Daga baya ya riƙa koya wa sababbin ma'aikata na'urar, kuma darasinsa na farko kullum shi ne su tambayi tsofaffi ko garin ya taɓa tashi.

Da rani mutanen tungar sun yi ƙoƙari. Masu jakuna suna zuwa kufai da jarkoki, masu keke ma haka, har gida uku suka koma can da zama. Amma da damina ta sauka aiki ya kankama, ba wanda zai yi kilomita goma sha shida zuwa da dawowa alhali ga ruwa kwance a bayan gida da kowace kwarin gona. Namadi ya ninka yawan ƙyallen da yake kai musu, ya zuba magani a tafkin fiye da sau ɗaya, ya yi wa'azin tacewa har yara suna kwaikwayon muryarsa. Mai noma dai idan ƙishi ya kama shi a gona ba ya komawa gida neman ƙyalle.

A watan Yuli na 2004 aka aiko masa cewa mutum tara sun kwanta a tungar, kuma Marka tana cikinsu. Gulbi ya kawo a ranar, ba kamar na waccan shekara ba amma ya isa. Ya ƙulle na'ura da littafi a leda, ya kwanta a kan gora ya runtse ido, aka tura shi hayi.

Ya same ta a tsakar gida a kan tabarma, ƙafar hagu a miƙe, ƙurjin ya fashe a saman idon sawu, farin kan tsutsar ya leƙo. Ta rame. Gonar gyaɗarta tana can ciyawa ta ci. Ya wanke hannu, ya wanke ciwon, ya kama kan tsutsar ya fara naɗe ta a ɗan tsinke a hankali, don in ta tsinke a ciki ƙafar rubewa take yi. Kullum ɗan kaɗan ake ja, aikin sati uku ne ko fiye. Ta cije leɓe ba ta yi ƙara ba.

Can ta dube shi ta ce, "Autan Inna, bar ɓata rai. Wagga tsutsa tsohuwa ta. Tun kahin a yi zancen rijiya nis sha ta, tana nan kwance cikin jiki."

Bai ɗago ba. Kurkunu shekara ɗaya yake yi a jikin mutum daga ranar da ya sha ruwan zuwa ranar da zai fito, ba ya kai biyu. Wannan tsutsar a daminar bara aka sha ta, wata huɗu bayan an ɗora famfo a kufai. Shi ya koya wa duk ƙasar wannan lissafi, ita ma a wannan tsakar gidan ya koya mata, har takan gyara wa maƙwabta in sun yi kuskure.

Ya ce, "Hakanan na, Yaya."

Ya ɗaure ƙafar da bandeji, ya buɗe littafin mai baƙin bango ya rubuta sunanta. A gurbin da ake rubuta inda mara lafiya yake samun ruwan sha, ofis ya riga ya buga burtsatse. Ya soke, ya rubuta tafki, ya tashi ya nufi gida na biyu.